Yadda Ake Zama Farfesan Kemistiri Ba Albashi

Sarautar nan ba a neman ta, faɗo maka take yi. Ka ci A a kemistirin aji ɗaya, abokin ɗakinka mai dogon baki ya kai labari masallacin hostel, shi ke nan. Kafin sati ya zagayo sababbin ɗalibai sun fara ce maka Malam, ana tambayar yaushe za ka fara tutoriyal. Kada ka musa. Amma ka san albashinka tun yanzu: "Allah Ya ƙara basira." Alawus kuwa ledar fiya wata, in an dace da mai tausayi ya haɗa da biskit.

Nemi ajin da ba kowa bayan la'asar, ka zo da allinka. A farkon zango mutum huɗu za ka gani, biyu cajin waya ya kawo su. Kada ranka ya ɓaci. Ana saura mako guda jarabawa za a cika har tagogi, da fuskokin da lakcaran kansa bai taɓa gani ba, kowa na so ka ɗura masa karatun wata uku kafin magariba.

Asirin sana'ar guda ne, kada ka gaya wa kowa: shafi ɗaya kacal ka fi su. Abin da za ka koyar gobe, daren yau za ka karanta shi, kuma a daren ne za ka gane cewa bara haddacewa ka yi, ba fahimta ba.

Inda za a fara gwada ka shi ne mol. Ka rubuta 6.022 × 10²³ a allo, ka juyo, za ka ga aji ya yi tsit. Ce musu mai gero a Dawanau ba ya ƙirga ƙwaya, mudu yake sawa, to mol shi ne mudun masu kemistiri, sai dai kowane mudu yawan ƙwayoyinsa ɗaya ne. Giram 18 na ruwa, abin da bai wuce kurɓa guda ba, mol ɗaya ke nan. Nan take wani zai ɗaga hannu daga baya: "Malam, wa ya zauna ya ƙirga?" Shirya masa. Ba Avogadro ba ne, shi ya rasu tun 1856, Jean Perrin na Faransa ne ya laƙaba wa lambar sunansa a 1909. Faɗi shekarun da ƙarfi kana kallon mai tambayar. Duk wanda ya ji ka kawo shekara zai ɗauka ka san sauran.

Wata rana kuwa za a jefo maka wadda ba ka sani ba. Akwai dabaru na gargajiya: ka ce "tambaya mai kyau," ka mayar wa aji, ko ka duba agogo ka ce lokacin salla ya gabato. Duk sun halatta. Wanda bai halatta ba shi ne ƙirƙiro amsa, domin mutum arba'in za su kwafe ta harafi da harafi su kai wa lakcara a takardar jarabawa, in an tsare su kuma sunanka za su faɗa. Ka ce za ka duba. Sa'an nan, abin mamaki, ka je ka duba ɗin.

In an zo taitireshan, ka tausaya musu. Fenoftalin ba shi da launi a cikin asid, ɗigo ɗaya na alkali ya wuce kima sai ruwan ya yi ja-ja mai haske, a nan ake so a tsaya. Su kuwa sai sun sake famfon biyuret ruwa ya rine sarai, sa'an nan su waiwayo su ce, "Malam, ya yi?" Wanda ya kawo maka rahoto da 25.00 sau uku a jere, yi masa barka, ka tambaye shi a hankali ko ya shiga ɗakin gwaji ranar. In kana son a daɗe ana zancenka, sayo zoɓo ka raba kofi biyu. Matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara fitowa. Jefa kanwa a ɗayan, ya juye ya yi duhu kore-kore. Sun ga asid da alkali da idonsu. Sai dai ka sa ido, ana shanye kayan aikin kafin a gama bayani. Abu ɗaya ne ban yarda ka yi wasa da shi ba: asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid.

A darasin kabon, kullum sai an sami mai zana masa hannu biyar. Huɗu Allah Ya ba shi, ka sa su ƙirga da baki. Ka koya musu zoben benzin mai kusurwa shida da Kekulé ya kawo a 1865, amma ka ɓoye labarin da ya bayar cewa a gyangyaɗi ya ga maciji ya ciji wutsiyarsa. 'Yan layin baya hujja suke nema.

Da ka ji muryarka ta fara dishewa, miƙa wa ɗaya daga cikinsu allin ka koma kujera. Za a ce lalaci ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya, amma wanda ya tsaya gaban allo ya daidaita lissafin sinadarai da hannunsa ba ya mantawa. A nan ne kuma za ka gano yarinyar layin gaba mai kalkuleta, wadda za ta ce, "Malam, kamar 0.25 ne, ba 2.5 ba." Ka yi murmushi ka ce da ma gwada su kake yi. Sau ɗaya wannan ke ci a zango.

Masu tambayar "wanne zai fito?" ka ce musu duka. Kai ba boka ba ne.

Ranar da aka kafe sakamako, kashe wayarka. Waɗanda suka ci, ƙoƙarinsu ne da addu'ar iyaye. Waɗanda suka kwaso keri-oba, tutoriyal ɗinka ne ya rikita su, kuma baɗi su ne za su riga kowa kama kujerar gaba, har da ƙannensu.