Dala Arba'in

Da takardar shigata Jami'ar Bayero ta iso garinmu Karofan a 2015, kowa Turanci ya tausaya mini. Gaskiyarsu, tun daga firamare har na ci bak da Faransanci aka koyar da ni. Kawuna ne kawai ya kwantar mini da hankali, shi da ya yi cin rani shekara tara a Abijan bai taɓa taka Kano ba. Ya ce, "Ɗana, mi kaka tsoro? Garin Hausa za ka. Bakinka shi ne guzurinka." Na riƙe wannan magana daga Buza zuwa Madawa, daga Madawa zuwa Maraɗi, na ƙetare ta Ɗan Isa, na canja sefata a Jibiya, na sauka tashar Ƙofar Ruwa da buhun albasa wanda Inna ta rantse sai na kai wa "mushen lakwal ɗin."

Na fito bakin titi ina neman kabu-kabu. Wani mai rake ya ce ai an hana acaɓa a Kano tun 2013, sai dai A Daidaita Sahu. Na gyara tsayuwa, na haɗa ƙafafuna kamar a masallaci. Sai da ya gama dariya ya nuna mini wani keke rawaya mai ƙafa uku.

A nan ya kamata in yi wa Kanawa bayani, don har yau ba su yafe mini ba. Mu a Nijar ba ma ƙirga kuɗi ɗaya-ɗaya, biyar-biyar muke yi. Sefa biyar ita ce dala guda, sefa ɗari dala ashirin. Haka aka haife mu. Don haka da na duba aljihu na ga takardar naira ɗari biyu, kaina ya yi lissafinsa shi kaɗai, na ce wa mai keken, "Malam, ka kai ni jami'a, in ba ka dala arba'in."

Sai ya kashe injin. Ya dubi silifas ɗina, ya dubi buhun albasa, ya sake dubana.

"Alhaji, dala ka ce?"

"Dala arba'in, ba ƙari."

Ban taɓa ganin mutum ya sauya hali da sauri haka ba. Ya sauke wata mata da ta riga ni shiga, ya kakkaɓe kujera da hularsa, ya rungumi buhun kamar jariri. A hanya ya saya mini ruwan leda da kuɗinsa. Ya nuna mini Dutsen Dala daga nesa, na ce a raina lallai garin nan da arziki, har dutsensu da sunan kuɗi. Sau biyu yana tambaya, "Ranka ya daɗe, ko mu biya ta Wapa a canza?" Ban san Wapa kasuwar 'yan canji ba ce, na ce masa na ƙoshi.

"Tsohuwa ko sabuwa, Alhaji?"

Wa zai baro Adar ya yi tafiyar kwana biyu don ya shiga tsohuwar makaranta? Na ce sabuwa. Muka wuce Kabuga, muka miƙe hanyar Gwarzo har na fara zaton Karofan zai mayar da ni.

A bakin ƙofa na zaro ɗari biyuna, na miƙa masa da hannu biyu, da ladabi. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, yana jiran sauran.

"Ina dalar?"

"Ga ta nan hannunka. Biyar sau arba'in."

Abin da ya biyo baya ba zai rubutu duka ba. Ya kira masu gadi shaida, ya kira mai shayi, ya kira Allah. Alhajin ya faɗi nan take, na koma "kai yaro." Da aka tambaye ni garinmu na ce ƙasar Buza, sai wani ya ce, "Au, Buzu ne!" kowa ya gyaɗa kai kamar an gano cutar. Wani dattijo ɗan Damagaram mai sayar da goro ne ya raba mu, ya fassara Hausa zuwa Hausa. Aka yanke mini naira dubu, da kuɗin ruwan leda, da rabin albasar Inna saboda matar da aka sauke. Sannan na shiga, aka duba takardata, aka ce ofishin da nake nema yana tsohuwar jami'a.

Turancin da ake ji mini tsoro, wata shida ya ɗauke ni, kuma bai taɓa tara mini jama'a ba. Hausa kuwa ba ta gama da ni ba. Da zazzaɓi ya kayar da ni na ce wa abokin ɗakina ya kai ni likita, sai ya tsaya tambayata sunan likitan, alhali a wurinmu likita gini ne. Na nemi bik da kaye a shago, aka ce ba sa sayar da magani.

Na gama karatu, na dawo gida, amma duk wanda muka yi aji da shi idan ya kira waya, Dala Arba'in yake nema. Kawu kuwa har gobe cewa yake mai keken ne bai iya Hausa ba.