Hutun Pickleball: Daga Florida Zuwa Sabon Gari

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Amurka ne ya jawo min. Bidiyo ya turo ta WhatsApp: wasu tsofaffi huɗu, kowa da furfurarsa, suna buga 'yar ƙwallon roba mai huji-huji ta saman raga, suna ta dariya. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, wannan wasan naka ne, ba a gudu sosai." Na gane inda ya dosa, don an jima tumbina yana riga ni shiga ɗaki, amma na ƙyale yaro. Sunan wasan pickleball. Hutuna na shekara kuwa a watan Disamba ya faɗo.

Na ɗauko littafi na tsara tafiya. Birnin Naples na jihar Florida na zaɓa, inda ake gasar US Open ta wasan tun 2016. Ba gasa zan shiga ba, in dai taka filin a ɗauke ni hoto. Na karanta wa uwargida tsarin tana tsintar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Malam, kuɗin biza nawa ne?" Na ce dala 185 ne kuɗin nema, a ba ka ko a hana ka, ba a mayarwa. Ta ce, "Buhun masara nawa ke nan?" Uwargida tana da wata baiwa: kowane kuɗi na duniya buhun masara take mayar da shi, a farashin kasuwar Samaru na ranar. Da muka zo kan tikitin jirgi sai ta fara lissafi da tirela, ni kuma na rufe littafi.

Tarihin wasan ne ya ceci hutuna. A 1965, a tsibirin Bainbridge kusa da birnin Seattle, Joel Pritchard da abokinsa Bill Bell suka tarar iyalansu zaman banza ya ishe su. Akwai tsohon filin badminton a gidan Pritchard, amma kayan wasan ba su cika ba. Suka ɗauko faifan buga tebur tanis da ƙwallon roba mai huji, suka sassauto da raga, daga baya Barney McCallum ya shigo suka tsara dokoki. A 2022 jihar Washington ta ayyana shi a matsayin wasanta na hukuma. Ashe da tarkacen gida aka haifi abin! To in dai haɗa tarkace ne, wa zai koya wa mutumin Zariya?

Sai dai na kafe a kan abu ɗaya: hutun da ba a ɗauki akwati ba, zaman gida ne. Yayana yana da tsakar gida mai siminti a Sabon Gari. Can zan sauka.

Na fara da kasuwar Sabon Gari. Mai kayan wasanni ya fito min da ƙwallon ƙafa, ta tanis, har da ludo. Na ce mai huji nake nema. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Oga, wadda ta huje ai jefarwa muke yi." Na sayi ƙwallayen roba na yara, na ce zan huje da kaina. Daga nan na wuce wurin kafinta, na nuna masa hoton faifan, na jaddada cewa katako marar nauyi ake so. Ya ce, "Alhaji, ni ba na aikin banza. Maɗaci zan sa maka, jikokinka ma su gada." Abin da ya miƙo min washegari allo ne sak, tawada kawai ya rasa, kuma nauyinsa sai da hannu biyu. Ina fitowa da alluna huɗu a hammata wani almajiri ya durƙusa ya gaishe ni.

Ranar tafiya na sa farar riga da takalmin kambas, na yi sallama da yara, na tari keke a bakin titin Sakkwato. Muka wuce Palladan, muka wuce Kwangila, a PZ mai keke ya dubi akwatina ya tambaya ko tashar mota za ni. Na ce masa hutu na zo. Bai sake magana ba, amma ya ƙara min kuɗin kaya.

Filin pickleball ƙafa 44 ne a tsawo, 20 a faɗi, daidai da na badminton. Tsakar gidan yaya ba ta kai ba, kuma rijiya tana cikin ɓangare ɗaya, bishiyar mangwaro a ɗayan. Na ja layuka da toka. Raga ana so ta kai inci 36 a gefe, 34 a tsakiya. Igiyar shanya da tsohon gidan sauro suka ba mu wannan lanƙwasar ba tare da mun roƙa ba. Ƙwallon da ake bugawa a fili huji 40 gare ta, don haka na zauna gaban murhu da ƙusa a bakin filaya. Ta farko ta narke ta shafe kafin in kai rabi, warin roba ya cika gidan, matar yaya ta fito da muciya tana tambayar wayar wutar wa ta kama. Wadda ta tsira daga hannuna hujinta duk a gefe ɗaya suka taru.

Muka jeru: ni da babban ɗan yaya, shi kuma yaya da matarsa, wadda ta ce za ta tsaya ne kawai kafin ruwan tuwo ya tafasa. Na ɗaga murya na kira maki yadda doka ta ce, "Sifili, sifili, biyu!" Yaya ya ajiye allonsa. "Kai, ba a fara ba, wa ya ci biyun?" Na bayyana masa cewa lamba ta uku tana nuna wanda ke bugun farko ne a cikin abokan wasa, kuma sai ɓangaren da ke bugun farko ke samun maki, har a kai 11 da ratar biyu. Ya ce tun muna yara haka nake, in na kawo wasa sai da dokar da ni kaɗai na sani.

Na buga daga ƙasa, a karkace, kamar yadda na gani a bidiyo. Iskar hunturu ta karɓi ƙwallon a sama, ta yi shawara da ita, ta kai ta rijiya. Aka kawo guga. Kafin a fito da ita rabin layukan tokar sun koma gidan maƙwabta.

Abin da ban shirya masa ba shi ne matar yaya. Akwai yankin ƙafa 7 a kowane gefen raga da ba a yarda ka tsaya ciki ka doki ƙwallo tana sama ba. Ta tsaya daidai bakin layin, zaninta ɗaure tamau, ta riƙe maɗacin nan da hannu ɗaya. Wuyan hannun da ya shekara talatin yana tuƙa tuwon gidan mutum goma sha ba ya jin nauyin katako. Ba ta dukan ƙwallo, ɗan taɓa ta take yi ta faɗo bayan raga, ni kuma in taho daga gindin mangwaro ina haki. Duk makin da ta ci sai ta ce, "Mijina, a Amurkar haka ake yi?" A maki na tara na miƙa hannu, ƙuguna ya ce ƙas, na zauna a kan layi. Aka tashi 11 da babu, ta koma ta tarar ruwanta bai ko ƙone ba.

A Amurka har kotu ake zuwa kan ƙarar wannan wasa. Mu kuwa maƙwabciya ce ta leƙo tana ƙorafin ana kiɗan ƙwarya ba a gayyace ta ba. Aka miƙa mata allona.

Sauran hutun a kan tabarma na yi shi, ana shafa min man zafi, ina kiran maki, don har yanzu ba wanda ya gane lamba ta uku. Matan layin suka kafa layi bayan la'asar, yara suna karɓar alewa kafin su jefa guga. Ranar da uwargida ta zo ɗaukata, yaya ya miƙa mata takarda: abinci, gidan sauro, kuɗin mai yasar rijiya. Ta duba, ta motsa leɓe, ta ce, "Buhu ɗaya da rabi." Sannan ta tuɓe mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta ce, "Malam, matsa da tabarmarka, kana kan layi."