Wai Ita Ce Ta Tashi da Kanta

A duk ƙasar nan ban san wadda ta kai bindiga shan ƙazafi ba, ko kishiya ba ta kama ƙafarta ba. Za ka ji an ce tana rataye a kafaɗar mai ita, ba a taɓa ta ba, ba a tsokane ta ba, haka kawai ta ga dama ta tashi ta fasa ƙafar maƙwabci. A shingen hanya ta tashi da kanta, a gidan biki ta tashi da kanta, a ɗakin 'yan sintiri ma haka. Ni dai har yau ban ji labarin wadda aka kulle a akwati aka tafi kasuwa, aka dawo aka tarar ta harbe katifa ba. Sai an ɗauke ta take samun wannan ra'ayin.

Na san tun daga nan wasunku sun fara gyara zama. Ina hango mai cewa shekararsa ashirin yana kwana da bindiga, wannan mai biron me ya sani? Gaskiyarka, ranka ya daɗe, ban san komai ba. To amma bari in gabatar maka da waɗanda suka fi ka sani.

A shekarar 2004, a birnin Orlando na jihar Florida ta Amurka, wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya tsaya gaban yara da iyayensu yana koyar da su hatsarin bindiga. Ya ɗaga ƙaramar bindigarsa ƙirar Glock, ya shaida wa taron cewa a iya saninsa duk ɗakin babu ƙwararren da ya isa ya riƙe ta sai shi. Bai gama rufe baki ba ta yi ƙara, ya harbi ƙafarsa. Abin da ya fi burge ni da bawan Allahn nan, bai karaya ba: yana ɗingishi ya ci gaba da bayani, har ya nemi a miƙo masa wata bindigar, sai da mutanen ɗakin suka yi caa a kansa. Darasin dai ya shiga, ko da yake ba ta ƙofar da ya shirya masa ba.

Idan wannan bai ishe ka ba, ga lauya. Clement Vallandigham tsohon ɗan majalisar tarayyar Amurka ne daga jihar Ohio, mai baki kamar reza. A 1871 yana kare wani mutum da ake zargi da kashe wani a rigimar mashaya. Hujjarsa ita ce mamacin shi ya harbi kansa garin zaro bindiga daga aljihu. A masaukinsa sai ya ce bari ya nuna wa abokan aikinsa yadda abin ya faru. Ya ɗauki bindigar da ya ɗauka babu komai a cikinta, ya sa a aljihu, ya zaro, ta tashi a cikinsa. Washegari ya cika. Wanda yake karewa kuwa daga ƙarshe an wanke shi. Lauyoyinmu na yanzu, ina fatan ba za a nemi irin wannan sadaukarwa daga gare ku ba, ku tsaya a kan takarda.

Ka lura da abin da ya haɗa mutanen nan biyu. Babu baƙon bindiga a cikinsu, kuma kowannensu ya yi imani babu harsashi a ciki. Baƙo tsoronta yake, da yatsa biyu yake ɗaukarta kamar wanda aka miƙa wa mataccen ɓera. Wanda ya saba ne yake sosa ƙeya da ita, ya dogara da ita kamar sanda, ya nuna wa yaro hanyar kanti da bakinta. Sabo turken wawa, in ji masu magana, ba ni na faɗa ba.

“Ai na cire gidan harsasan.” Wannan ita ce maganar da ta fi kowace yawan marayu. Gidan harsasai, wanda masu kaki ke kira magazin, rumbu ne kawai. Idan an riga an ɗana bindiga, harsashi ɗaya ya bar rumbun ya shige maƙogwaronta yana jiran umarni. Ka cire magazin ka jefa a rijiya in ka so, wancan ɗayan yana nan, kuma shi kaɗai ya isa a kafa rumfar zaman makoki. Sai an ja an buɗe, an ga ya faɗo, an leƙa ramin da ido. Akwai ma masu yin abin a juye: su fara ja su fitar da na maƙogwaro, su saki, sannan su cire magazin, ba su san sakin da suka yi ya ɗora wani sabo ba. Shi ya sa a ƙofar sansanonin soja da yawa ake ajiye ganga cike da yashi, duk wanda zai shiga sai ya tura bakin bindigarsa ciki ya sauke ta, komai girman anininsa. Kuma sojojin Ingila da na Amurka ba su cika kiran irin wannan harbi da sunan tsautsayi ba. Harbin sakaci suke ce masa, kuma hukunci yake jawowa ko da tsakuwa kawai ya samu.

Mu nan kuwa mun fi son kalma mai laushi. Duk wanda ya girma a Najeriya ya haddace sanarwar nan da kan biyo bayan harbi a shingen hanya: bindiga ce ta tashi bisa kuskure. Ba a cewa yatsan wa ke kan kunama, ba a cewa me ya kai bakinta saitin direba. Bindigar ce dai, uwar rashin kunya.

Bari in tona asirin gidanmu, don kada ku ce na tsallake gida na tafi Amurka neman masu laifi. Baffana, ƙanin mahaifina, mafarauci ne na ji da faɗi, mai bindigar toka doguwa da ya naɗe wuyanta da fata. Wata damina shaho ya addabi 'yan tsakin Inna, matarsa. Ran nan da hantsi shahon ya sauka kan bishiyar da ke bayan katanga. Baffa ya ɗauko bindiga wadda ta kwana uku a ɗure a ɗaki mai laima, ya durƙusa, ya saita, ya ja kunama. Sai muka ji ƙyas, shiru. Ya yi tsaki, ya sauke ta daga kafaɗa, ya waiwayo zai ce in ɗauko masa jakar albarushi. Nan ta yi aman wuta. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, kunnena ya ɗauki kuka. Da hayaƙin ya lafa sai ga randar da ke bakin madafa ta rabe, ruwa na bin ƙasa. Inna tana tsaye taku uku daga wurin, moɗa a hannunta, yanzun nan ta ɗebi ruwa ta juya.

Ta dubi randar, ta dubi mijinta, ta ce, “Malam, ashe shahon a cikin randa yake?”

Ya ce, “Wallahi ita ta tashi.”

Ta ce, “Na ga alama. Ita ta ɗauko kanta daga ɗaki, ita ta juyo ta kalle ni.”

Mun yi shekaru muna dariyar wannan magana, amma ranar Baffa bai iya cin tuwo ba. Abin da ya faru sananne ne ga duk mai bindigar ɗuri: albarushin da ya sha sanyi yakan kama wuta a hankali, sai ya yi jinkiri kafin ya tashi. Daga ranar, idan ta ƙi tashi, Baffa ba ya motsa ta daga inda ya saita sai ya ja dogon lokaci, kuma duk yaron da ya gani yana leƙa bakin bindiga don ya ga abin da ya hana ta, sai ya sha ranƙwashi. Shahon kuma ya ci gaba da cin tsakinsa har kaka.

Kun ga ke nan ban hana ku gaskiyarku ba. Akwai bindigar da takan tashi ba a ja kunama ba: tsohuwa da ta cinye, ko ƙirar maƙera da ba ta da makulli, wadda in ta faɗi ƙasa ko ta sarƙe a reshe sai ta amsa. To amma ko ita, inda aka nuna bakinta nan take harbi. Ba a taɓa yin harsashin da ya fito ya yi kwana ya nemi mutum ba. Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar koyon harbi a jihar Arizona a 1976, ya yi suna da ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa ko'ina a yau. Ma'anarsu dai ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya rasawa ba, yatsanka ya nisanci kunama sai lokacin harbi, kuma ka tabbatar da abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Daɗin tsarin shi ne in ka karya ɗaya sauran sukan rufa maka asiri. Sai ka haɗa biyu ake kiran mai wankan gawa.

Ƙa'idar ƙarshen nan ita ta kama Dick Cheney, mataimakin shugaban Amurka na lokacin, a watan Fabrairun 2006. Suna farautar tsuntsaye a jihar Texas ya juya ya bi tsuntsu da harbi, ya watsa wa abokin farautarsa, lauya Harry Whittington mai shekara 78, ƙananan harsasai a fuska da wuya da ƙirji. Da dattijon ya fito daga asibiti, shi ne ya tsaya gaban 'yan jarida yana nuna alhinin halin da mataimakin shugaban da iyalinsa suka shiga. Mulki ke nan: a harbe ka, ka yi jaje.

Yanzu ga 'yan uwana masu cewa tasu ai ta biki ce, toka ce kawai, ko kuma sama suke harbawa. Ku da kuka girma kuna kallon finafinan Bruce Lee, kun san yadda ɗansa Brandon ya mutu? A watan Maris na 1993, yana da shekara 28, ana ɗaukar fim ɗin The Crow a jihar North Carolina. Kan wani harsashi ya maƙale a bututun bindigar tun wani amfani da aka yi da ita a baya, babu wanda ya leƙa. Aka sa harsashin wasa mai albarushi zalla aka harba, albarushin ya ingizo wancan maƙalallen da ƙarfin harbin gaske. Bayan shekara 28, a watan Oktoban 2021, aka maimaita a jihar New Mexico wurin ɗaukar fim ɗin Rust: aka miƙa wa jarumi Alec Baldwin bindiga aka ce masa babu harsashi mai rai a ciki, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ta raunata darakta. Baldwin ya ce bai ja kunama ba, ga alama shi ma ya san karin maganar Baffana. Masu binciken FBI suka gwada bindigar suka ce ba ta tashi sai an ja. An kori shari'arsa a 2024 saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida, amma matar da aka ɗora wa kula da makaman fim ɗin ta samu ɗaurin wata 18. Harbin sama kuma, ku sani harsashi ba ya samun masauki a can. Gwajin sojojin Amurka ya nuna na babbar bindiga yakan dawo da gudun kusan mita 90 a sakan ɗaya, kuma ba ya tambayar wane ne ango, wane ne ɗan kallo.

Masu maganin bindiga, ban manta da ku ba, kuma ba zan yi musu da ku ba, don ni ba na musu da mai laya. Roƙona ɗaya ne. Jaridu sun sha kawo labarin wanda ya sha magani ya tsaya a gwada a jikinsa, aka kwashe shi. Me zai hana a rataya wa kabewa layar a harbe ta? In ta tsira, ni zan fara sayen guda biyu. Na san amsar: asirin ba ya aiki a jikin kabewa. Ikon Allah, kullum sai a ƙirjin wanda ya biya kuɗi.

Saura babban malamin zaure, wanda tun ɗazu yake jira ya rufe ni da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Allah gafarta malam, haka ne, babu mai ja da ƙaddara. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddarar bai sallami mai kisan kuskure da “Allah ya kiyaye gaba” ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara, wanda bai samu abin 'yantawa ba ya yi azumin wata biyu a jere, diyyar kuwa raƙuma ɗari ce a asalinta. Je kasuwar Maigatari ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya, ka dawo mu ƙarasa hirar. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin nuna ɗan uwa da makami, saboda Shaiɗan na iya fizgar hannun mutum, da umarnin cewa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Tun ba a ƙera bindiga ba aka gama maganar inda bakin makami zai kalla. Abin da Bature ya buɗe makaranta yana karɓar kuɗi a kai, kai a kyauta aka karantar da kai a zaure.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, bismillah, ya rubuto raddi, zan karanta har ƙarshe. Amma don Allah, kafin ka ɗauki biro, sauke ta, ka buɗe ka duba da idonka, ka kulle ta inda yara ba sa kaiwa, harsasan kuma a wani wurin daban. In kuma ka ce sai ka zo ka nuna mini da hannunka cewa babu komai a cikinta, to ka sanar da ni ranar, zan yi tafiya.