Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Takardar Haihuwa

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya a duk durowar da kike kwance. Dalilin rubuto miki shi ne saƙon da ya iske ni da safiyar yau a nan Amurka. Masu duba takardu sun ce in ƙaro hujja cewa matar da nake nema wa izinin zama na dindindin ita ta haife ni. Wato Inna. Wai ke da na aika musu yarinya ce, sai da na yi gemu aka buga ki, don haka shaidarki ba ta da nauyi.

Ni dai na bi doka daki-daki. An ce sai ɗan ƙasa mai shekara 21 zuwa sama zai ɗauko iyayensa, na wuce nan tuni. Na cike fom ɗin I-130, na biya dala 675. Na shirya sa hannu a I-864, in rantse cewa samuna ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucinsu, kuma cin Inna da shanta suna wuyana, kamar dā wuyan maƙwabta suke. Duk na haɗiye. Har na yi murna da jin cewa iyaye ba sa shiga dogon layin da 'yan'uwa ke tsufa a cikinsa. Sai ga ki kin tare hanya.

Ke, ina kike ranar da aka haife ni? A ɗakin Inna aka yanke mini cibiya, kuma ungozomar reza ta riƙo, ba biro ba. Dokar rajistar haihuwa da Najeriya ke aiki da ita yau ta 1992 ce, lokacin ina zuwa makarantar allo da ƙafata. An ce in kin gaza a kawo takardar baftisma, ko ta makaranta, ko rantsuwar mutum biyu da suka san haihuwar. Mu suna aka raɗa ranar bakwai, liman ya shafa fatiha, aka cinye ragon. Wanzami ya rasu, ungozoma ta rasu. Gwaggon da ta rage, in an tambaye ta shekara sai ta ce shekarar da Buhari ya canza kuɗi, alhali sau biyu bawan Allah ya canza, 1984 da 2022.

Kwana arba'in Inna tana wankan jego da tafasasshen ruwa, wannan ba hujja ba ce. Shekara biyu ina goye a bayanta, ba hujja ba ce. Fallen takarda mai tambari, da ko ɗumin jikina ba ki taɓa ji ba, ke ce za ki raba gardama! Kuma ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunana da bakinta ba, amma a Legas za a tsayar da ita gaban gilashi a ce ta faɗi sunan ɗanta, in ta sunkuyar da kai a yi zaton ta manta.

Na Baba ko farawa ban yi ba, don shi sai an haɗo da ƙanwarki takardar aure, auren da aka ɗaura a zaure da goro da shaidu.

Yanzu wai “shawara” ake ba ni, a yi gwajin DNA, a goga mana auduga a cikin kumatu, kuɗin kuma daga aljihuna. Kuɗin ba ya damuna. Ki gaya mini wanda zai ɗaga waya ya shaida wa Inna cewa sai an auna yawunta kafin a yarda ni nata ne. Ni dai ba da bakina ba.

Zan biya, tunda ke ke da tambari. Ku kuma da aka yi wa haihuwa kwanan nan, ku je ku karɓo wannan baiwar Allah tun jaririn bai yi wayo ba, ko da kuwa za a rage girman rago.

Naki ala tilas,
Ɗan Inna