Ranar da Masara Ta Tuƙa Ni

A-kori-kura Peugeot 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa. Ni kuwa na ɗauka shirun nata yarda ce.

Da kaka na sayi masara buhu 30 a Kibiya zan kai sito Rano. Kuɗin babbar mota ya tsone mini ido, sai na ari motar Yayana, na samo tirelar tarakta, muka ɗaura ta a baya da sarƙa. Har babur ɗina na ɗora a kan buhunan.

Wani tsohon direba da ke shan rake a gindin darbejiya ya ce, “Malam, buhu kilo nawa?”

Na ce, “100, Baba.”

“To, tan 3 ke nan, ban da ƙarfen tirelar. Motar nan ita kanta ba ta kai tan 2 ba. Ja daban, tsayawa daban.”

Ya ce in duba ɗan allon ƙarfen da kamfani ke rubuta iyakar nauyi. Na duba, mai fenti ya riga ni, ya shafe shi tas. Na ce wannan ma alama ce ta babu iyaka.

Tun daga tashi gindin motar ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar amaryar da aka yi wa kishiya. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna, na ce kai, ashe kaya gyara mota suke!

Duwatsun Rano sun fara bayyana sai ga ’yar gangara. Na taka birki. Motar ta ji, tirela ba ta ji ba, don ita ba ta da birkin. Na sake takawa har ƙafata ta taɓa ƙarfe, ina salati. Daga nan masara ce ta karɓi tuƙi, ta zaɓar mana gonar rogon wani bawan Allah. Babur ya riga mu isa.

Da shanun huɗa biyu aka jawo motar, yara na tafi. Masarar kuwa sai da aka yi mata sawu uku, na biya rogo, na biya mai shanu.

Da magariba Yaya ya zagaya motarsa, bai ce uffan ba, ya miƙo hannu. Na ba shi makulli, na ba shi bamba.