Koya wa Jariri Barcin Dare

Jariri sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a kowace rana, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai barcin a gutsure yake zuwa. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki, saboda haka duk bayan awa 2 ko 3 sai ya ta da gidan gaba ɗaya. Dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa; sai wajen wata 3 zuwa 4 jikinsa yake fara bambanta su.

Daga nan ake soma sabar masa. Da rana a fito da shi ya ga haske, da dare a rage fitila da surutu. A yi masa wanka, a ba shi mama, a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro tun yana lumshe ido, kafin barci ya kwashe shi. Dalili kuwa, yaron da ya saba barci a kafaɗa, in ya farka ƙarfe 2 na dare kafaɗar zai nema.

Akwai kuma hanyar Dakta Richard Ferber, likitan yara a Boston ta Amurka, wanda ya fitar da littafinsa a 1985. A bar yaro ya yi kuka minti 3, a leƙa a lallashe shi ba tare da an ɗauke shi ba, sai a ƙara zuwa minti 5, sannan 10. Da alama likitan bai taɓa zaman gidan haya ba.

Mai wannan rubutu ya gwada. Ya tsaya a bakin ƙofa da agogon waya, ya tare mai jego. A minti na farko maƙwabciya ta buga bango: "Maman Abba, lafiya?" A na biyu kakar yaron ta fito da tocila, ɗankwali a hannu, tana salati.

"Kai kuma me kake ƙirgawa?"

"Inna, ai kimiyya ce."

"To, kimiyya ta matsa in wuce."

Ta goya jikanta, ta ɗaure da majanyi, ta zaga tsakar gida sau biyu, yaro ya yi tsit. Da safe aka kira mai agogo zaure ya yi wa mai gidan bayani.

Hanyar Ferber tana buƙatar yaron da ya kai wata 4 zuwa 6, da bango mai kauri, da gidan da babu kaka a ciki.