Ranar da Motar Kawu Ta Kwana a Zariya

Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati mazaunin Abuja, ya ƙulla gaba da gidan mai. Bai huce ba sai da ya sayar da tsohuwar motarsa, ya haɗa da wani fili, ya yo odar motar lantarki daga China. Lissafinsa kuwa ba na banza ba ne. Batirinta na cin kilowat-awa 60, kuma ko a farashin 'yan rukunin Band A da aka ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024, cika shi fal bai fi naira 13,500 da ɗan ɗoriya ba. An kafa masa caja mai kilowat 7 a bangon gareji. Ya jona bayan isha'i, kafin hantsi ta ƙoshi. Daga nan duk wanda ya zauna da Kawu sai ya sha wa'azin lantarki, har liman bai tsira ba. Zai ba ka labarin Hyundai Kona da aka haɗa a Legas aka nuna a Abuja a 2021, da tashar caji mai hasken rana da hukumar NADDC ta Jelani Aliyu ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a shekarar. Gaskiya ne duka. Sai dai Sakkwato ba ta kan hanyar Kano.

Kano kuwa ita ce ta kira shi, domin shi ne waliyyin amarya, ɗaurin aure ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya. Tafiyar ta haura kilomita 400, takardar motar kuma ta yi alkawarin fiye da haka. Abin da Kawu bai saka a lissafi ba shi ne ma'aunin CLTC da ake auna motocin China da shi ya karkata ga tafiyar cikin gari, sannu-sannu. Ba a auna shi da gudun 110 ba, balle esi a ƙure, da manya huɗu, da kulolin dambun nama.

Muka fita ranar Juma'a, ni a gaba, Hajiyarsa da ƙanwarta a baya. Kafin Kaduna Kawu ya rage surutu. An kwatanta masa wani wuri mai caja mai sauri, irin wadda kan cika kashi 80 cikin awa guda, muka same ta lafiya lau, sai dai kanta na Turai ne, CCS2, bakin motarmu kuwa GB/T na China. Kamfanonin duniya ba su haɗu a kan baki ɗaya ba: Japan na da CHAdeMO, Tesla na da nata a Amurka, mu kuma da muke sayo mota daga ko'ina mun gaje su duka. Kawu ya jujjuya kan cajar, ya gwada ta dama, ya gwada ta hagu, ya maida ita a hankali.

"Ba komai, akwai ƙaramar wayar a but," in ji shi.

Muka shiga Zariya da kashi 9, esi a kashe, gilasai a buɗe, manyan motoci na danna mana hon. A ƙofar gidan wani abokinsa aka buɗe but. Ga kuloli, ga katan-katan na lemo, ga akwatin anko. Baƙar jakar wayar ce kaɗai babu.

"Wannan mai kama da wayar dutsen guga? Ai na cire ta, Alhaji, ta tare wa dambu wuri," in ji Hajiya.

Wayar da ake magana ba komai ba ce illa igiya mai 'yar akwati a tsakiya, kai ɗaya ya shiga mota, ɗayan ya shiga soket ɗin gida. Wutarmu bolt 230 ce, wayar kan ja amfiya 10, wato kilowat 2.3, kusan abin da butar lantarki ke ci. Da wannan, kowace awa mota na samun kilomita 12 zuwa 15. Cika randa ne da cokalin shayi. Amma a garin da babu tashar caji, cokalin nan shi ne bambancin mota da gunkin ƙarfe.

Aka kira Abuja, wani yaro ya kai jakar tasha, direban motar haya ya kawo ta bayan isha'i, da fetur ɗinsa. Kawu bai so a tsaya a kan wannan batu ba.

Sai rigima ta biyu: kan wayar mai ƙafafu uku ne a karkace irin na China, soket ɗinmu kuma irin na Ingila ne. Wani yaron gidan ya kawo adafta da doguwar waya ta kallon ƙwallo. Allah ya sa mai gyaran wuta na unguwar ya iso kafin a jona.

"Ranka ya daɗe, wannan ko awa biyu ba za ta yi ba za ta narke," in ji shi. Ya yi gaskiya. Buta minti biyar take ja ta huta, mota kuwa kwana take tana ja, shi ya sa masu ƙera wayoyin ke hana ƙara musu wata waya, musamman wadda ke naɗe. Ya janyo waya mai kauri daga allon fis, ya kafa soket da ya dace, aka jona. 'Yar akwatin ta kunna jar fitila, ta ƙi. Gidan ba shi da wayar ƙasa, ita kuwa an ƙera ta ne ta duba wannan kafin ta saki wuta, don kada mai taɓa jikin motar ya zama shi ne hanyar wuta zuwa ƙasa. Haka aka kafa sandar jan ƙarfe a tsakar gida da tsakar dare, ana kwarara ruwan gishiri, Kawu na haska tocila da babbar rigarsa a kafaɗa, maƙwabta sun leƙo ta katanga suna tambaya ko asiri ake binnewa.

Fitila ta yi kore. Aka yi kabbara. Ba a yi awa ɗaya ba aka ɗauke wuta.

Mai gida ya tayar da ƙaramin janaretonsa, wanda ƙarfinsa bai kai kilowat ɗaya ba. Da motar ta ja, sai ya yi tari ya mutu. Daga nan Kawu ya zauna a kan turmi ya yi lissafin da ya kamata a yi a Abuja: Zariya zuwa Kano kilomita 150 da wani abu, ana buƙatar kusan rabin batir, wato awa 14 ko 15 na wutar da ba ta ƙiftawa. Ko da wuta ta dawo nan take, sai an watse daga ɗaurin aure.

Da asuba waliyyin amarya ya hau motar haya, su huɗu a baya, da kular dambu a cinya. An ce har Kwanar Dangora direban na yi musu kukan tsadar mai, Kawu bai ce uffan ba.

Ni aka bari da gadi. Da hantsi muka lallaɓa motar zuwa shagon wani mai walda da ke da babban injin dizal, mai gyaran wuta ya sake haɗa wayar ƙasa, ta fara sha. Yini guda yara na zagaye ta, wani dattijo ya tambaye ni ko idan ta cika za ta yi ƙara irin ta waya. Kuɗin dizal ɗin da na biya ya fi kuɗin fetur ɗin da tsohuwar motar Kawu za ta sha zuwa Kano.

In an tambaye ni, wayar nan ta fi safaya taya muhimmanci ga mai motar lantarki a hanyoyinmu, amma ga mai kwana take da amfani, ba ga mai sauri ba, kuma sai gidan da za a kwana yana da wuta da wayarin na kirki. Kawu ya yarda da rabin maganar. Ya sayi adaftar CCS2 zuwa GB/T, ya ɗaure jakar wayar da kwaɗo a cikin but, yanzu kuma in an gayyace shi suna ko biki, kafin ya tambayi lafiyar mai jego yana tambayar awa nawa suke samun wuta. Motar ta isa Kano ranar Lahadi, an riga an kai amarya. Da za a koma, Hajiya ta ce a sauke ta a Rigasa, ita jirgin ƙasa za ta bi.